Wayar Umma

"Abba, matsa hagu kaɗan, hasumiyar ba ta fito ba."

Malam Shitu ya matsa. Ya tsaya a harabar Masallacin Huaisheng, hannuwansa a sake, 'yarsa Radiyya, wadda ke karatu a garin, tana ɗaukarsa hoto. Tun safe take zagayawa da shi tsohuwar unguwar, tana nuna masa lunguna da gidaje masu rufin tayal. Ta ce masallacin ya haura shekara dubu. Ya ce, "Ikon Allah." Bai ji komai ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyarta a Kano. Dangi suka ce kada a gaya wa yarinya a waya, tana ƙasar mutane, ga jarrabawa a gabanta. A bari ta gama, ubanta ya faɗa mata baki da baki, tunda dama yana zuwa sarin kaya a kasuwar Baima da ke garin. Shi ya riƙe wayar marigayiyar. Idan Radiyya ta kira layin, sai ya rubuta mata, kamar uwar ce, cewa mura ta shaƙe murya, a yi ta rubutu kawai.

Jiya ta gama jarrabawar. Jiyan ya so faɗa, ya ga tana cin abinci. Da safe ya ga tana dariya.

Suka zauna a dakalin da ke inuwar wata bishiya.

"Abba, 'yan ajinmu za su Koriya hutun nan. Akwai wata tsohuwar unguwa a can, gidajen katako ne zalla, har kayan gargajiyarsu ake ba mutum haya ya sa ya yi hoto. Ka bar ni in je?"

"A gani dai."

"'A gani' ɗin nan naka na san shi. Umma zan kama ƙafa da ita." Ta yi dariya. "Ka san kwanan nan ta zama 'yar boko? Matar da sai dai ta turo murya minti biyar, yanzu rubutu take yi, har da aya."

Ya kalli tafin hannunsa. Wasu tsofaffin 'yan ƙasar suka wuce, ɗaya ya yi musu sallama. Radiyya ce ta amsa.

"Bari in tura mata hotonka, ta ga yadda ka tsaya kamar an kai ka ofishin 'yan sanda."

Ya ga yatsanta ya taɓa gilashin. Yana da lokacin da zai ce ta dakata. Bai ce ba.

Daga aljihun rigarsa na gaba ƙarar ta fito, 'yar ƙararrawar nan da Radiyya ta zaɓa wa wayar Umma da kanta kafin ta taho. Ta kalli aljihun. Ta sake tura wani hoton. Ƙarar ta sake fitowa.

"Abba?"

Ya ciro wayar, mai jan murfin da ya tsage a gefe, ya ɗora mata a cinya. Sannan ya cire hularsa ya riƙe.