Tabarma a Gindin Tsamiya

Ina shiga na tarar Munzali ya toshe tagar ɗakin uwarsa da zane, matarsa tana barbaɗa habbatussauda a kasko. Hayaƙi har ido. Uwar tasa, Maijidda, na kwance tana ta magana, hannunta na nuna ƙofa.

"Tun shekaranjiya, Gwaggo," in ji Munzali. "Ba Hausa ba, ba Larabci ba. Malam ya ce mutanen ɓoye ne."

Na ce masa ni dai na tsufa ina koyarwa, na san harshen mutane in na ji shi. Ban taɓa jin aljanin da ke yin tambaya ya dakata a ba shi amsa ba.

Duk unguwa an san daga Makka marigayi Alhaji Kabo ya auro ta, 'yar Jawa ake ce mata. Ni kaɗai ta gaya wa, wata rana muna ɓarar gyaɗa, cewa a dajin Sumatra, can ƙasar Indonesiya, aka haife ta, cikin mutanen da ake kira Kubu, masu yawo ba gari. Tana ƙarama aka ɗauke ta aikatau, daga hannu zuwa hannu har Makka. Yarensu kuwa, ta ce ko a mafarki ya daina zuwa. Abin da ta riƙe kawai, kakarta tana kallon ganye ta cika. Ta roƙe ni in lokaci ya yi a fitar da ita gindin tsamiyar tsakar gidansu.

Na faɗa wa Munzali haka. Matarsa ta dafe ƙirji.

"Tsamiya kuma, Gwaggo? Ai nan ne gidan mutanen ɓoyen. Ashe su ke kiranta."

"Ɗan nan, uwarka ce ke kiranka da yarensu. Ka taɓa tambayarta yadda ake cewa ruwa a wurinsu?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce me mutanen Daura za su ce in aka ji ya miƙa ta ga aljanu da hannunsa. Ya ƙara garwashi.

Na fita na shimfiɗa tabarma a inuwar, da niyyar in ɗauko ta ko da jan ƙafa ne. Ina gyara matashi na ji salati daga ɗaki.

Wurin gaisuwa mata suka yi ta cewa Allah ya ƙwace ta daga hannun mutanen ɓoye. 

Har aka yi sadakar bakwai ba wanda ya yarda ya taɓa tabarmar. Ƙananan ganyen tsamiya sun rufe matashin.