Wakili Ba Takalmi

A unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana, in aka ce "Wakili" kowa ya san Malam Ja'afaru ake nufi. Ɗan marini ne. Mahaifinsa ya rasu da shuni a ƙarƙashin faratansa, wanda ko wankan gawa bai fitar ba. Shi kuwa Ja'afaru an kai shi elementare, daga nan Midil, ya fito ya yi shekara goma sha ɗaya yana malamin asibiti. Da zaɓen 1956 ya zo, marina da mabuga suka tsaya masa tsayin daka, ya tafi Majalisar Dokoki a Kaduna.

Ba don ya je ya sa babbar riga suka tura shi ba. An yi awon sabuwar hanyar mota, an kafa turaku masu jan fenti, layinsu ya ratsa tsakiyar karofi, wato wurin da ramukan rini suke. Rami sittin da uku ne, in ban yi kuskure ba, wasu tun na kakanni. In hanya ta bi nan, cike su za a yi da ƙasa. Aikensa ke nan, ya je ya ce a karkata hanya.

Ya je zama na farko ya dawo bai ce uffan ba. Ya je na biyu, haka.

Ran wata Laraba da hantsi ya bi ta karofi, ya tarar da Bahago, shugaban marina, yana motsa rami da muciya.

"Sannu da aiki, Baba."

"A'a, Wakili! Lale da mai shiru. Idi, kawo tabarma, bakinsa ya gaji da magana a Kaduna."

Marina suka kwashe da dariya. Bahago dai bai yi ba. Ya nuna wani turke da leɓe, ya ce, "Kafin damina za su fara. Ubanka ya haƙa wancan ramin da ke gindin turken, ni na dama masa lason da aka shafe cikinsa da shi. In ba za ka iya ba, faɗa mana, mu san inda dare ya yi mana."

Malam Ja'afaru bai tafi gida ba, gidan yayarsa Sailuba ya nufa, ita da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta ajiye masa fura, ya ƙi taɓawa.

"Tsoron Turawa kake ji?" in ji ta.

"Ba Turawa ba ne, Yaya. A can, mai magana sai ya miƙe tsaye, kowa na zaune. Kuma Malam Zailani yana layin gaba, ina kallon ƙeyarsa."

Sailuba ta san zancen. Malam Zailani shi ya rubuta wa Ja'afaru allonsa na farko, shi ya kama hannunsa ya kai shi elementare lokacin da mahaifinsa ke turjewa. Yanzu shi ma ɗan Majalisa ne, kuma shi ke kan gaba a batun hanyar, don yana son mota ta riƙa shiga ta ɗauki marasa lafiya zuwa asibiti. A birnin nan kuwa ba a tsaya wa babba a ka. Ko gaisuwa ce, sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa.

"Sau biyu ina dafa tebur zan tashi," in ji shi, "sai in kasa. Ya zan tsaya a kan Malam, da takalmi a ƙafa, kuma in musa masa?"

"To ka durƙusa mana ka faɗa."

"Na tambaya. An ce wanda bai miƙe ba, magatakarda ba ya rubuta maganarsa."

"Ikon Allah! Wato kunnen Kaduna a sama yake."

Bai yi dariya ba. Aka kira azahar, ya yi alwala, ya yi salla a ƙofar ɗakinta, tana zaune tana tsince wake. Da ya sallame sai ta ce, "Ja'afaru, da wa ka yi magana yanzu?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da Ubangijina."

"Fatihar, a zaune ka karanta ta ko a tsaye?"

"Haba Yaya, ai ba a haɗa wannan da wancan."

"Ban haɗa ba, Allah ya tsare ni. Cewa na yi ba tsayuwar ce rashin kunya ba. Ina takalminka?"

Ya waiwaya. Suna can bakin tabarma, inda ya tuɓe su. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya jawo ƙwaryar fura ya shanye.

Zama na uku ya faɗo a watan Maris. Abin da ya faru a can, daga bakinsa na ji, na kuma ji daga bakin wasu, kuma bai sha bamban ba sosai.

Da ya isa ƙofar zauren Majalisa ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe, ya shiga. Masinja ya biyo shi da gudu riƙe da su, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka yi mantuwa!"

"Ban yi ba. Mayar da su inda ka gan su."

Da aka zo kan batun hanyoyi, ya dafa tebur. Ya danna tafin ƙafarsa a sumunti mai sanyi, ya miƙe. Hannuwansa a sake, kansa a sunkuye. Wani daga baya ya hango ƙafafun ya ce, "Na Zazzau ya zo salla!" Dariya ta ɓarke.

Ya bari ta lafa, ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini aikin gafara."

Shugaban Majalisa ya buga tebur, ya ce a nan da shi ake magana, ba da wani malami ba.

"To, ranka ya daɗe, da kai nake. Amma ba zan iya tsallake malamina ba tare da sallama ba. Aiko ni aka yi."

Daga nan ya shiga bayani. Ya faɗi yadda ake gina ramin rini, yadda ake shafe shi da laso, da yadda sabon rami ba ya ba da baƙi mai kyau sai ya shekara yana shan baba, ganyen da ake yin shuni da shi. Ya ce rami ba rumfa ba ce da za a ɗauka a kai gaba. Ya ce shi ma malamin asibiti ne, ya ga waɗanda aka ɗauko a kan jaki suka cika a hanya, don haka ba ya ƙin mota. Amma akwai kangon fili a gindin ganuwa, in aka bi ta nan tafiyar ba ta ƙaru da ta sallar raka'a biyu ba.

"Baƙin rawanin da ke kan Malam," in ji shi, "a ramin mahaifina aka rina shi. Ni na kai masa, ina ɗan shekara tara. Har yau bai koɗe ba. Turke na nan a bakin ramin."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Aka yi ta muhawara har kusan la'asar, shi kuwa sau huɗu yana sake miƙewa. A ƙarshe aka yarda a sake awo. Da aka tashi Malam Zailani ya fita bai dube shi ba.

Kafin ruwan farko aka tuge turakun aka mayar da su gindin ganuwa. Rami biyu ne na can gefe suka tafi, sauran suna nan. Bahago ya aika wa Malam Ja'afaru da sabuwar riga, ya ce a gaya masa ba a sa takalmi a cikin kayan ba tunda ba ya bukata.

Amma Malam Zailani ya daina amsa gaisuwarsa. Kowace Juma'a bayan an sauko, Malam Ja'afaru zai je zaurensa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya ci gaba da jan carbi. Juma'a biyar ana haka, mutane na cewa ya haƙura, yana cewa shi ba a aike shi ya rasa malami ba.

A ta shida Malam ya ɗago kai.

"Tashi mana. Ai na ga ka iya tsayuwa."

"Nan ba Kaduna ba ce, Allah gafarta Malam."

Tsohon ya dube shi, ya tura masa buzu da ƙafa. Malam Ja'afaru ya zauna a gefen buzun, ya zaro takarda daga aljihu.

"Wannan kuma fa?"

"Batun famfon unguwarmu ne. Ran Talata zan sake tsaya maka a ka, na ce gara in fara kawo maka shi a durƙushe."