Kwana Huɗu a Ɗakin Sikeli

Ɗalibai suna kiransa Ina-Hujja a bayan idonsa. Ya sani, kuma yana jin daɗi. Shekara ashirin da uku yana koyar da tarihi a jami'a, ba wanda ya taɓa cewa "an ce" a gabansa ya sha da daɗi. Wa ya ce? Yaushe? A wace takarda? Ya taɓa kayar da wata ɗaliba saboda ta kafa hujja da kakarta.

Don haka da hukumar filin jirgin saman garinsu ta tashi bikin cika shekara sittin, ba ta yi dogon nema ba. Shi aka ɗora wa jawabin ranar. Ga ilimi, ga gado. Kowa ya san mahaifinsa, wani tela, shi ne ɗan gari na farko da ya hau jirgin sama. Tun daga ranar ake ce masa Na-Sama har ya koma ga Mahaliccinsa. Tikitin yana nan cikin gilashi a falon Inna, mahaifiyarsa, sama da talabijin. Hukumar har ta sa an zana sunan marigayin a allon tagulla da za a buɗe ranar bikin.

Da zai rubuta labarin mahaifin nasa da ka, ba mai tambayarsa. Amma hali zanen dutse. Ya ce sai ya ga rajistar fasinjoji, ko don ya sa lambar shafi a ƙasan takarda, abin da ya fi ƙauna a duniya.

Aka tura shi tsohon gini, can ƙarshen fili, inda ake tara duk abin da ake jin nauyin zubarwa: karyayyun kujeru, tukwanen kashe gobara da suka yi tsatsa, da wani ƙaton sikeli mai faifan ƙarfe. Mai mabuɗin ɗakin wani tsoho ne da ya yi ritaya tun Ina-Hujja yana ɗalibi a jami'a, amma ake aika masa mota duk sa'ad da aka nemi wata takarda, don shi kaɗai ya san inda aka ajiye komai. Sunan aikinsa ya bi shi, Baba Sikeli ake ce masa.

"Ɗan Na-Sama ne?" in ji tsohon, yana ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi. "Tamanin da biyar. Ka fi ubanka da huɗu."

"Baba, nauyi kake gani a ido?"

"To me zan gani? Hali? Ai ba ya hawa sikeli."

Ya jawo wata rajista mai baƙin bango, ya kaɗe ta a cinyarsa, yana bayani. Jirgin wancan zamani kujera takwas gare shi, sau biyu yake zuwa a mako. Kowane fasinja sai ya hau sikeli rungume da kayansa, babba da yaro, mai rawani da maras shi. Matuƙi ya haɗa lissafi. In nauyi ya wuce ƙa'ida, dole wani abu ya zauna a ƙasa.

"Kuma wasiƙun gwamnati ba sa zama," in ji shi. "Ga shafinka nan. Bari in yi alwala."

Ina-Hujja ya gyara tabarau. Ga sunan mahaifinsa, layi na shida, kilo tamanin da ɗaya. An ja jan layi a kan sunan, tiryan-tiryan, da rula. A gefe an rubuta da kyakkyawan hannu: an sauke shi, wasiƙu buhu biyu.

Ya buɗa gaba, zuwa ranar da jirgin ya dawo bayan kwana huɗu. Babu sunan. Ya duba makon gaba, da watan gaba, har ƙarshen shekara. Na-Sama bai taɓa barin ƙasa ba.

Gumi ya karyo masa a ƙarƙashin hula. Ya tuna sau nawa ya buɗe lacca da cewa, "Mahaifina, wanda ya ga garin nan daga sama." Ya tuna allon tagulla. Ya tuna Inna, wadda ta riga ta ba da ɗinkin kayan da za ta sa, ta zauna a sahun gaba. Daga waje yana jin ƙarar buta. Abin da ya yi daga nan bai ɗauki daƙiƙa biyar ba. Ya dafe rajistar da hannun hagu, ya yage shafin da na dama, ya ninke shi huɗu, ya cusa a aljihu. Tsohuwar takarda ba ta gardama.

Da tsohon ya dawo, ya tarar da rajistar a rufe.

"Ka samu hujjar?"

"Na samu, Baba. Na gode."

"Madalla. A gai da tsohuwa."

Kwana biyu takardar tana aljihunsa kamar garwashi. A aji wani ɗalibi ya ce "an ce", sai ya ji kansa yana cewa, "Ci gaba." Ɗalibai suka fara kallon juna, ana tunanin ko Malam ba shi da lafiya.

Rana ta uku ya tafi gidan Inna. Ya shirya kalmomi masu taushi a mota, irin waɗanda ake kai saƙon rasuwa da su. Ya same ta a falo tana gyaran farce. Ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi tikitin. Shekara hamsin yana kallonsa, sai yau ya lura ɓangaren da ake yagewa a ƙofar jirgi yana nan lafiya lau.

"Inna, wata magana ce game da Baba. Sai dai ki yi haƙuri. Ranar nan da aka ce ya hau jirgi..."

"Bai hau ba," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Miƙo min almakashin can."

Ya miƙa mata.

"Kin sani?"

"Kai, Dakta! Wa kake tsammani yake kai masa abinci? Aljanu?"

Ta ba shi labarin kamar tana faɗin farashin gishiri. Unguwa guda ta raka mahaifin nasa har bakin shingen filin jirgi, an yi addu'a, an yi kuka, ya yafe wa kowa, kowa ya yafe masa. Jirgi ya tashi, jama'a suka yi ta ɗaga hannu har ya ɓace, suka watse. Shi kuwa yana bayan ƙofa, rungume da akwatinsa. Da wane ido zai bi su gida? Sai mai awo ya ji tausayinsa, ya ɓoye shi a ɗakin sikeli, ya aiko mata a asirce. Kullum bayan la'asar takan zagaya ta bayan fili da kwano, ta ce wa maƙwabta za ta dubiya. Da jirgin ya dawo, ya saje da masu sauka, ya fito yana toshe kunne, yana cewa iskar sama ce.

"Duk labarin gajimaren nan da yake ba ku, a bakin mai awo ya ji. Shi ma mai awon bai taɓa hawa ba."

Ta yi dariya har tana share ido. Shi bai yi ba. Ya zaro takardar ya shimfiɗa a gabanta.

"Mece ce wannan?"

"Shafin ne. Na... cire shi."

Dariyar ta tsaya. Inna ba ta karatun boko, amma ta san yagaggen gefe in ta gan shi.

"Sata ka yi."

"Don in rufa masa asiri ne, Inna."

"Asirinsa ko naka? Shi kunya ce ta kama shi, ya ɓoye kansa, bai taɓa kayan kowa ba. Ko cokalin mai awo sai da ya wanke ya mayar. Kai da aka kashe wa shekaru a makaranta, abin da ka koyo ke nan? Tashi ka mayar musu da abinsu."

Baba Sikeli bai nuna mamaki ba. Rajistar tana kan tebur, a buɗe daidai wurin, ga kwalbar gam a gefe, kamar an ajiye wa baƙo ruwa.

"Na ji ta yi sauƙi da na ɗauka," in ji shi. "Zauna can ka liƙa. A nan ubanka yake shimfiɗa tabarma."

Ya zauna a gindin sikelin ya liƙa. Shafin ya ɗan karkace, tabon yagar ya fito ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya buɗe nan gaba zai tambaya wa ya yi wannan ɓarna, kuma tambaya ce mai kyau.

Ranar biki aka kafa rumfa kusa da sabon gini. Manya suka cika kujeru, allon tagulla yana lulluɓe da farin ƙyalle. Inna tana sahun gaba cikin sabon ɗinki, Baba Sikeli yana can baya inda ake ajiye waɗanda suka san komai. Ina-Hujja ya yi bayanin share fili, da jirgin farko, da kujeru takwas, da sikeli. Sannan ya juya takarda.

"Game da mutumin da za a buɗe allo da sunansa," ya ce, "rajista, shafi na goma sha ɗaya, ta nuna cewa..."

Daidai nan jirgin ƙarfe goma sha biyu ya taso a kan titinsa. Rumfa ta ɗauki rawa, mata suka dafe mayafi. Shi kuwa ya ci gaba, ya faɗi jan layin, da buhu biyu, da kwana huɗu, har da hannun da ya yage shafin. Ya faɗa duka, cikin ƙarar da ko shi bai ji kansa ba. Da ƙarar ta lafa, aka ga bakinsa ya tsaya, sai aka ɗauki tafi. Shugaban hukumar ya miƙe, ya nufi ƙyallen yana murmushi.

Wani sanyi ya ratsa Ina-Hujja. Ya faɗa, Allah shaida ne. In ba su ji ba, laifin jirgi ne. Ya fara tattara takardunsa.

"Dakta!"

Muryar Inna ce, irin wadda take kiransa da ita daga ƙofar gida yana yaro. Shugaban ya tsaya, hannunsa a kan ƙyalle.

"Ba su ji ba," in ji ta. "Sake faɗa."

Ya dubi sama. Fes take, ba wani jirgi sai ƙarfe uku. Ya gyara tabarau, ya jawo lasifika kusa da bakinsa, ya koma shafi na goma sha ɗaya.