Surfaffen Gero a Gwangwanin Kande

Ni Indo, shekara arba'in ina noma a Jiratawa, amma na haifi ɗan da bai san geron shuka ba. Ɗan'auta kenan, mai zama unguwar Zariya cikin Maraɗi, mai biro da tabarau, wanda in ya buɗe baki sai Faransanci ya riga Hausa fitowa.

Matarsa Salima ta rasu cikin sanyin bana, bayan an yi mata aiki a likita. Aka kai ta Tsibiri, garin iyayenta, aka binne. Ta bar ɗiya guda, Kande, mai shekara bakwai. Tun ranar yarinyar nan tambayarta ɗaya ce: yaushe Mama za ta tashi?

To, da Idin tashin Almasihu ya matso, sai Malam Jatau, mai koyar da yara a majami'arsu, ya tara iyaye wai zai yi musu formasiyo, wato horo. Formasiyo! Kwana biyu manyan mutane na zaune kan benci da kaye na rubutu da biro, ana koya musu yadda za su yi magana da 'ya'yan da suka haifa. Mu da ubanmu ya bar tsafi ya bi Yesu, a gindin gawo ya faɗa mana, muna ɓarar gyaɗa, kuma mun ji. Abin da suka kwaso a kwana biyun nan shi ne: a samu gwangwani, a cika da ƙasa, a binne ƙwayar hatsi, yaro ya riƙa ba ta ruwa. In ta tsiro, a ce masa haka matattu za su tashi. Dabarar ba laifi, ban ƙi ta ba. Hannun da ta faɗa ne abin tausayi.

Ranar Alhamis kafin Idi na shigo Maraɗi da ɗaurin zogale. Na tarar da Kande tsugune gaban wani gwangwanin tumatir a gindin bango, ta rame, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

Na ce, “Ke, mi kike gadi nan?”

Ta ce, “Mama ce. Baba ya ce yadda wanga zai tashi, haka Mama za ta tashi. Yau kwana tara, Kaka. Na 'yan ajinmu duk ya fito. Ita ce ta ƙi.”

Na tsoma yatsa cikin ƙasar na sunsuna, sai tsami kamar kwantan kunu. Na tono ƙwayoyin, sun yi fari sun narke. Wallahi nan take na gane su. Geron da na surfa da hannuna ne, na wanke, na shanya, na aiko masa don fura.

Na ja Ɗan'auta zaure. Na ce, “Kai, don Allah ina ka samo irin da ka shuka?”

Ya gyara tabarau ya ce, “Cikin buhun da kika aiko, Inna. Ai gero gero ne.”

Gero gero ne! Ɗan da na goya ina shuka, na goya ina girbi. Na ce, “Surfaffe ka binne, mai biro. Ko shekara za ta yi tana zuba ruwa, ruɓa zai yi ta yi. Kuma don ƙarin hikima ka ɗora masa sunan uwarta.”

Can sai ya ce, wai ko zan kawo tsiro daga gona, ya dasa a gwangwanin in ta tafi lakwal karatu, ba za ta gane ba. Na ce masa tir. Ka koya wa yarinya tashin matattu da ƙarya, ran da ta gano fa? Na ɗaura wa Kande ɗankwali muka kama hanyar Jiratawa. Gwangwanin ta ƙi bari, haka ta rungume shi cikin mota mutane na toshe hanci.

Da isarmu na sauko da zangarniyar da na rataye don iri, na murza mata a tafin hannu. Muka je bakin kanal na ban ruwa inda ƙasa ke da laima, ta tona da yatsanta, ta binne. Da zafin bazara da ruwa, gero ba ya jan rai. Safiyar Lahadi, ranar Idi, sai ga su sun huda ƙasa, kore shar, kamar allurai.

Kande ta yi tsalle ta yi ihu. Daidai nan Ɗan'auta ya iso kan babur, da kwat cikin wannan zafi, zai ɗauke mu zuwa sujada. Ni kuwa na samu wuri, na ce bari ya ji yadda ake koyarwa ba tare da kaye ba.

Na ɗaga murya na ce, “Kin gani? Wanga lafiyayye aka binne shi, ba a taɓa shi ba, shi ya sa ya tashi. Wancan na ubanki ya shiga turmi, taɓarya ta daka shi, ta saɓule masa fata, ta fasa idonsa. Abin da aka yi wa haka ba ya tashi har abada.”

Ina faɗa ina hararar uban, ina jin daɗin kaina. Ban lura yarinyar ta daina dariya ba.

Ta ce, “Kaka, ai Mama ma an yanka ta a likita. Na ga ɗinkin da ana yi mata wanka. Kenan ita surfaffiya ce?”

Wayyo ni. Bakina da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Na yi wa ɗana dariyar ya binne uwar yarinya a gwangwani, ga shi ni na zo na danne murfin.

Sai Ɗan'auta ya durƙusa cikin taɓo, da kwat ɗin da komai, ya kama hannuwanta.

Ya ce, “Kande, dube ni. Mi aka yi wa Yesu kafin a binne shi?”

Ta ce, “An buge shi.”

“Sai mi?”

“An kafa mishi ƙusa. An soke shi a haƙarƙari.”

Ya ce, “To, akwai surfen da ya kai wannan? Kuma ya tashi, da tabon a jikinsa, har ya nuna wa mutanensa suka gani. Ni na yi kuskure da na ce gwangwanin nan Mama ce. Gero sai lafiyayye yake tashi. Allah kuwa wanda aka daka ma yana tashe shi. Ranar ce ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba.”

Ba a formasiyo ya samo wannan ba, na tabbata. Sai Kande ta ce in an tashi sujada tana so a je Tsibiri.

Na ce bari in ciro mata tsiro biyu ta kai kan kabarin. Ta girgiza kai, ta je ta ɗauko gwangwaninta mai tsami.

Ta ce, “Wanga za mu kai mata. Shi ne irinta.”

Haka muka hau babur mu uku, ita a tsakiya, ni a baya riƙe da gwangwanin, warin na dukan hancina. Daga Jiratawa har Maraɗi, daga Maraɗi har Tsibiri, ban ce uffan ba.