Yatsu Huɗu na Yashi

Ta hau, Yaya, yau ta hau ita kaɗai! 'Yata Tsuntsuwa ta zagaya filin nan sau uku ba mai riƙe mata linzami, ni kuwa ina bakin shinge da goyo a baya ina ta tsalle har ɗankwalina ya zame. 'Yar shekara shida fa. Amma ubanta ko tafi bai yi ba, kuma bari in ba ki labarinsa tun daga tushe, kar ki ce baƙin rai ne.

Kin dai san Baba, surukina, shi ya shekara talatin yana kula da filin da ake koya wa mutane hawan doki, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ɗansa, maigidana, ya gaje shi. To, Baba yana da ƙa'ida. A ƙasa tsakuwa ce a daddaɓe, da ɗan gangare don ruwa ya wuce. A sama yashi mai tsauri, irin mai ƙaras-ƙaras a hannu, a gauraya da garin katako. Zurfinsa yatsu huɗu, ba ƙari ba ragi. Kullum da safe sai ya tuɓe takalmi ya taka filin da ƙafarsa, ya ja manjagara ya mayar da yashin da kofato ya tura gefe, sannan ya yayyafa ruwa. Ɗan ya tashi yana ganin haka, kuma haka ya ci gaba da yi.

Sai bara Tsuntsuwa ta faɗo daga kan Goggo. Goggo ita ce tsohuwar goɗiyar nan fara, mai haƙuri, wadda duk ɗan koyo a kanta yake farawa. Ba laifinta ba ne, yarinyar ce ta saki linzami tana ɗaga wa kakanta hannu. Leɓe ya fashe, gwiwar hannu ta ƙuje, shi ke nan. Ita kafin la'asar ta manta. Uban ne bai manta ba. Jinin da ya gani a rigarsa ya tsaya masa a rai, kullum ya dubi filin sai ya ga ya yi tauri da yawa.

Da lokacin sabunta yashi ya yi, mai wurin ya bar masa zaɓi. Ya je ya zaɓo rairayi mai laushi kamar gari, ya sa tifa ta yi ta juyewa, har sai da ya ga ƙafarsa na nutsewa ta wuce idon sawu. Ya tsaya yana kallo yana jin daɗi, a ransa yana cewa yanzu ko daga kan rufin barga yarinya ta faɗo ba abin da zai same ta.

Baba ya zo yana dogara sanda. Ya caka ta a filin, ta shige luɓus.

"Kai, katifa kake shimfiɗawa ko fili?"

"Baba, yara ne ke faɗuwa a nan."

"Yaro sau ɗaya yake faɗuwa a wata. Doki sau dubu yake takawa a wuni."

Ɗan ya yi dariya, ya ce zamani ya canja. Baba ya juya ya tafi wajen jikarsa yana tsokanarta, wai amaryarsa ta zama 'yar gata, an yi mata gado a waje.

Alamu kuwa sun zo, ɗan ne ya ƙi karantawa. Dawaki suka riƙa jiƙewa da gumi tun ba a yi nisa ba, ya ce zafi ne. Goggo ta riƙa jan ƙafa a kwana, ya ce tsufa ne. Da aka yi ruwa, rairayin ya toshe tsakuwar ƙasa, kwanar gabas ta zama taɓo, sama a bushe, ƙasa a jiƙe. Ya ja manjagara ya lulluɓe, wurin ya yi kyau a ido.

A kwanar nan abin ya faru. Tsuntsuwa tana kan Goggo, suna sassarfa, ƙafar gaba ta dama ta nutse, goɗiyar ta fizgo ta. Uban ya ga ta durƙusa kaɗan ta miƙe. Ba ta yar da yarinyar ba. Ta tsaya cak a kan ƙafa uku, jikinta na rawa, har ya rugo ya sauke 'yarsa. Sai a lokacin ta sunkuyar da kai.

Likitan dabbobi ya shafa ƙafar ya ce jijiya ce ta yage. Sannan ya shiga filin ya tura hannu cikin yashin, hannun ya shige har wuyansa. Ya ɗago ya dubi uban kawai. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Baba ma bai taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Kullum sai ya jawo kujera bakin turke, ya riƙe tiyo yana zuba wa ƙafar ruwan sanyi. Ɗan kuwa ya ɗauki shebur da baro. Mai wurin ya ce a kawo mota ta kwashe, ya ce a'a, hannun da ya zuba shi zai kwashe. Kwana goma sha tara yana yi, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ya wanke tsakuwa, ya gyara gangare, ya shimfiɗa yashi mai tsauri, sannan ya je ya durƙusa gaban tsohon ya roƙe shi ya zo ya auna.

"Sa naka hannun," in ji Baba. "Nawa ya gama aikinsa."

Ya sa. Yatsu huɗu.

Bayan wata biyar likita ya dawo. Ya ce Goggo za ta yi tafiya, za ta yi kiwo, amma ita da sirdi har abada.

To, yau da Tsuntsuwa ke zagayawa a kan wani jan doki, kowa ita yake kallo, ban da ubanta. Goggo tana kiwo a bayan shinge. Da ta ji muryar yarinyar sai ta ɗago kai, ta biyo shingen ta waje tana ɗingishi, tana ƙoƙarin jerawa da su, har ta kai kwanar gabas ta tsaya. Abin da yake kallo ke nan.

Yarinya ta sauko tana haki ta rungume shi.

"Abba, ka gan ni? Yaushe Goggo za ta warke in koma kanta?"

Baba ne ya jawo ta yana cewa amarya ba ta hawa abu ɗaya sau biyu, ta zo ta ba ango labari. Uban kuwa ya tuɓe takalmi, ya ɗauki manjagara ya shiga filin.

Don Allah ki faɗa wa Inna jikarta ta hau doki. Ki kuma faɗa wa maigidanki, tunda na ji suna shirin zuba yashi a nasu filin, ya zo ya ga Goggo tukuna.