Harsashin da Bai Zauna Ba

Jiya Saje Ilu ya yi wani mafarki, kuma ba ma da dare ba, tsakanin azahar da la'asar ne, a kan bencin da ke bayan ɗakin makamai, ko takalmi bai cire ba.

Sai an san abin da ya kwanta da shi a rai kafin a gane mafarkin. Shekara ashirin da shida Saje yana aiki guda a barikin nan, wato jera harsashi a jigida, doguwar ɗamarar nan da babbar bindiga ke zuƙa idan tana aiki. Da babban yatsansa yake tura kowane harsashi har ya ji ya zauna, in ya gama ya ƙulla jan zare a bakin jigidar don a san aikin Ilu ne. Shekara biyu da suka wuce aka kawo inji mai hannu, a zuba harsashi ta sama, a saka jigida ta gefe, a yi ta murzawa tana fitowa a jere. Saje ya dube shi sau ɗaya ya ce ai injin taliya ne. Ya bar wa Kofur Rifkatu, wadda suka shekara goma sha biyar suna aiki ɗaki ɗaya, shi kuwa ya ci gaba da nasa da hannu.

Yatsan nan fa ya tsufa, ya sandare, amma wa ya isa ya faɗa. Da safiyar jiya Saje ya jera jigida ɗaya ya sa a akwati, mota ta kwashi akwatuna ta nufi sansanin daji. Sai da ya idar da azahar ya tuna akwai harsashi guda wajen tsakiya da bai ji zamansa ba. Harsashi ɗaya in ya karkace bindiga shaƙewa take yi, kuma ba ta zaɓen lokaci. Wanda ke bayan babbar bindiga a sansanin nan kuwa ɗansa ne na fari, wanda don kunya irin ta mutanen dā, bai taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa. Wancan yake ce masa, in ransa ya yi daɗi ya ce mutumin. Ya buga waya, dajin babu sabis. Ya zauna a benci yana neman bakin da zai gaya wa manya cewa shi Ilu ya yi kuskure, tsoro ya cika shi, a haka barci ya ɗauke shi.

Sai ya ga kansa a kan titi yana bin motar a guje. Motar a tsaye take, titin ne ke tafiya da ita, kuma duk takun da ya yi sai ta ƙara nisa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama, mutane sun kife lema sun tsaya a ciki. Wani mai gasa masara a bakin titi ya dube shi da tausayi.

"Malam, baƙo ne kai? A nan in kana sauri zama ake yi."

Saje ya zauna a tsakiyar titi. Nan take ya tsinci kansa a kan kujera a wani ofis, an rubuta a ƙofar: Sashen Kayan da Aka Tura Aka Yi Nadama. A bayan tebur akwai bunsuru mai tabarau, ya sa babbar riga, yana tuƙa.

"Me ke tafe da kai?" in ji bunsurun.

"Ranka ya daɗe, jigida nake nema."

Bunsurun ya sauke tabarau, ya ƙare wa ƙugun Saje kallo. "A shekarun nan naka?"

"Ba tawa ba ce. Wato ni na jera, amma ta wani ce."

"Ta wata dai."

"Ta wani. Namiji ne, soja."

Bunsurun ya rubuta haka a takarda, ya buga hatimi, ya cinye takardar, don a ofishin haka ake ajiye fayil. "Sunan mai ƙugun?"

Saje ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi ƙasa. "Wancan ne."

"Wanne?"

"Mutumin."

"Muna da Wancan sun fi dubu huɗu a nan, Mutumin kuwa mun daina ƙirgawa. Tafi kasuwa, layin 'yan jigida, ƙila su gane ka."

Bai tashi daga kujerar ba, kasuwar ce ta shigo ta taga. Rumfuna ne a jere, an rataya jigidu ja da baƙi da ruwan ƙwai, masu ciniki kuwa duk manyan bindigogi ne, sun yafa mayafi, suna gwadawa suna rufe baki don kunya. Wata da ya sani sarai, ya sha share ta da mai, ta ja hannun rigarsa.

"Baba, wannan ta karɓe ni?"

"Ta karɓe ki," in ji Saje, don bai ga amfanin ɓata mata rai ba.

Tsohuwar da ke rumfar ta ji abin da yake nema, ta ce irin wannan sai dai ya tambayi wanda ya jera. Ya ce ai shi ya jera. Ta ce ba shi take nufi ba, wanda ya jera take nufi, ta nuna masa gindin wata bishiyar mangwaro da leɓe.

A gindin mangwaron wani gajeren dattijo ne zaune cikin tsohon kwat na soja, ya kara rediyo a kunne. Saje ya ga kamar ya san shi. Ya dubi nasa hannun na dama, ya ga yatsu huɗu ne, sai ya gane babban yatsansa ne zaune.

"Sannu da hutawa," in ji Saje.

"Yawwa. Ai na yi ritaya tun daminar waccan. Sau uku ina aiko maka."

"Ban ga takarda ba."

"Wa ya ce maka takarda? Cokalin da ya suɓuce maka a gaban baƙi, ni ne. Maɓallin rigar da ka kasa ɓallawa ka ce laifin tela ne, ni ne. Carbin da kake tsallake ƙwaya fa? Ko so kake in ɗauko kalangu?"

Kunya ta rufe Saje. Ya tuna shekarun da yatsan nan ya yi yana tura ƙarfe, ya fashe ya warke, ya fashe ya warke, bai taɓa ce masa sannu ba. Ya durƙusa ya ce, "Na gode. Da kai na ci abinci, da kai na sa yara a makaranta."

"Godiyar ta makara, amma kawo," in ji yatsan. Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihun kwat. "Je ka, an fara cin jigidarka."

Sai ga shi a sansanin daji. Ga ɗansa can a bayan bindiga, ya ba shi baya, faɗin kafaɗar sak na mahaifin Saje. A gaba ciyawa na kwantawa layi layi, wani abu na tahowa a cikinta, ba a ganin fuskarsa. Jigidar kuwa ta zama doguwar tabarma, harsasai na zaune a kai sun tanƙwashe ƙafa kamar 'yan ɗaurin aure, tabarmar na jan su ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin bindiga. Can a tsakiya akwai guda a tsaye, a ƙafa ɗaya, ya jingina da na kusa da shi.

Saje ya isa wurinsa. "Kai me ya hana ka zama?"

"Ba a ce in zauna ba," in ji harsashin. "An dai turo ni."

"To zauna."

Harsashin ya dubi hannun Saje. "Da wane yatsa kake faɗa mini?"

Saje ya danna shi da tafin hannu, ya danna da gwiwar hannu, ya cire takalmi ya buga, harsashin ko gezau. Tabarma na tafiya. Saura goma a gabansa. Saje ya juya wajen ɗansa ya ɗaga murya ya ce, "Kai wancan." Duk itatuwan dajin suka waiwayo, ban da yaron. Ya ce, "Mutumin." Duwatsu suka amsa, wani kunkuru ma ya ce na'am, mai bindiga dai bai motsa ba.

Nan ya ji taku a bayansa. Injin nan ne na ɗakin makamai, ya taho da ƙafafun teburin da aka ɗaure shi a kai, yana ɗingishi, don ƙafa ɗaya dama da kwali aka tokare ta.

"Sannu, Saje," in ji injin. "Injin taliya ne, in ba ka manta ba."

Saje ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Ka yi haƙuri. Baki ne."

"Ba komai, taliya ma abinci ce. Zan iya zaunar da baƙon nan naka, amma ba na aiki jigida na tafiya. Sai mai bindiga ya ɗaga hannunsa. Shi kuwa a garin nan ba ya jin kowane kira sai na sunansa."

"Kai ka kira shi mana."

"Ni ban je sunan ba."

Saura biyar. Shekara ashirin da takwas sunan nan na zaune a ƙarƙashin harshen Saje. Ranar da liman ya raɗa shi, Saje tashi ya yi ya zagaya bayan gida wai zai duba rago. Ko a takardar makaranta nuna wa malami ya yi da yatsa. Ba ƙiyayya ba ce, son ne ya yi yawa har ya fi ƙarfin baki, kuma haka ya ga ubansa ya yi da shi. Saura uku. Ciyawar ta kwanto har gaban bindiga. Saura biyu.

"Haladu," in ji Saje.

A hankali ya faɗa, amma ruwan da ke tafiya sama ya tsaya cak. Yaron ya ɗaga hannu daga bindiga, ya waiwayo, yana murmushi da giɓin nan na lokacin da yake famfara.

"Na'am, Baba. Ashe ka sani."

Injin ya kama bakin tabarma, hannunsa ya fara juyawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Harsashin ya zauna daram, ya miƙe ƙafa ya ce alhamdu lillahi, dama ƙafarsa ta yi tsami. Abin da ke cikin ciyawa ya leƙo, ya ga kowa a zaune, ya ji nauyin shiga taron da ba a gayyace shi ba, ya juya. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Saje, hawaye suka zo masa, su ma suka bi goshi suka yi sama. Ya durƙusa a gaban injin yana jero godiya.

"Tashi, Saje, ni ƙarfe ne," in ji injin. "Ba na juya kaina. Ka nemi hannun da ke murza ni."

Saje ya duba, bai ga hannun kowa ba, sai ƙarar kawai, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana ƙara matsowa har ta shiga kunnensa.

Ya buɗe ido. Inuwa ta matsa daga kan bencin, rana na dukan ƙafarsa, ƙarar kuwa ta tagar ɗakin makamai take fitowa. Ya miƙe ya shiga. Kofur Rifkatu ce tsaye tana murza inji, ga kwanon harsashi a gefenta, ga jigida na fitowa ta ɗaya ɓangaren, da jan zare ƙulle a bakinta.

"Maman Bitrus," in ji Saje, "wannan ba ta safe ba ce?"

"Ita ce, Oga."

"Ba ta bi mota ba?"

"Na musanya da ta inji kafin a rufe akwati." Ta nuna wani gurbi wajen tsakiya. "Guda ɗaya ne kawai ya karkace, a nan."

Saje ya dafa tebur. "Yau kika fara?"

Ba ta dube shi ba, murzawa dai take yi. "Tun daminar waccan. Duk wadda na ga jan zare, in ka fita salla sai in zare in sake jerawa, in mayar maka da zarenka."

"Kuma ba ki faɗa mini ba."

"Ina ni ina ce wa Oga yatsansa ya gaji."

Kunya ta zo wa Saje, amma godiya ta danne ta. Ya ce Allah Ya raya mata Bitrus da ƙannensa, Ya tsare mata su duk inda suka shiga kamar yadda ta tsare masa nasa. Ta ce amin. Sannan ya kwance jan zaren ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga.

"Matsa, ki nuna mini yadda ake murza taliyar nan."

Ta matsa, ta ɗora hannunsa a kan mariƙin. "Af, Oga, ɗazu kana barci na ji ka kira Haladu. Har sau biyu."

Saje ya juya hannun injin, harsashi ya faɗa gurbinsa ya zauna, ƙwas.

"Sau ɗaya ne," in ji shi.