Abokin Zaman Balaraba

Rahama tana wucewa da tiren shayi ta lura kifin da ke cikin ledar ya kai tsawon yatsanta na tsakiya. Ta ajiye tiren, ta sake kallo. Kawu Isufu ya ɗora ledar a kan ruwan tankin gilashi don ɗumin ruwan biyu ya zo ɗaya, yana tsaye hannuwa a baya yana jira.

A cikin tankin akwai Balaraba, kifin ruwan gishiri mai launin lemo da ratsin fari uku, irin wanda Misirawa ke kira muharrij. Ranar Laraba aka kawo ta gidan nan na Giza, shekara huɗu ke nan, tare da ɗan ƙaramin namijinta. Namijin ya mutu bayan ƙaramar Sallah, tun daga nan take zagaya duwatsu ita kaɗai. Kawu, mai aika yadi da abaya daga Alƙahira zuwa Maraɗi, ba ya fita kasuwa sai ya ba ta abinci da hannunsa.

Rahama 'yar ƙanwarsa ce, tana shekara ta uku a fannin ilimin dabbobi, ita ke auna gishirin ruwan duk Juma'a. Ta san irin wannan kifi da jikin namiji yake tasowa, wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, in ya zama kuma ba ya komawa. Kifin da ya kai wannan girma shi kaɗai a tankin shago ya riga ya zama mace. In aka haɗa irinsu biyu, sai ɗaya ta mutu.

Sai dai Rahama ba ta taɓa gyara wa Kawu magana ba. A gidansu ba a yi. Mako biyu da suka wuce ta bi hanyar da aka saba, ta samu matarsa a kicin ta ce, "Tanti, in Kawu zai sayo wani, ya sayo ɗan ƙarami sosai." Tanti Zeinabu ta kai saƙo yadda ta ji shi, ba ƙari.

"Ƙarami, ƙarami," in ji Kawu yana kwance bakin ledar. "Hamad mai shagon kifi na unguwar Dokki ma haka ya dame ni. Na ce masa, ya Hamad, kai ɗan birni ne, ka taɓa haɗa shanun huɗa? Ni shekara goma ina bayansu a gonar babana. Tsawo ɗaya muke nema, kafaɗa ɗaya. Ka sa maraƙi kusa da bijimi, kafin la'asar ka kashe shi."

"Alhaji, kifi ne fa," in ji Tanti.

"Rai ne dai. Ba zan sayo abin da za a zalunta a gabana ba."

Ya karkata ledar. Sabon kifin ya sulale ya nufi duwatsu. Balaraba ta fito ta tsaya, ta zagaya shi sau ɗaya, sannan suka kama bakin juna suna juyawa a tsakiyar ruwa, yashi yana tashi ƙarƙashinsu.

"Gaisuwa ce," in ji Kawu.

"Allah ya raba mu da irin wannan gaisuwa," in ji Tanti, ta ɗauki kofinta.

Rahama ta tsaya tana jiran abu ɗaya. In da namiji ne, zai karkata gefe ya yi ta karkarwa a gaban babbar, alamar ya sallama, faɗa ya ƙare. Ta jira har shayin ya huce. Babu wanda ya karkata.

Kwana biyu ta yi abin da ake iya yi ba tare da magana ba. Da Kawu ya fita ta sauya wa duwatsun wuri don kowace ta rasa gidan da take karewa. Ta rage haske. Ta riƙa zuba abinci a kusurwa biyu lokaci ɗaya. A mikrobas, ƙaramar motar haya, a hanyar jami'a, ta shirya jimlar da za ta faɗa masa, ta gyara ta, ta rage ta, da yamma kuma ta gaishe shi ta wuce ɗaki. Shi ko cewa yake, "Ma'alish, ba komai, za su saba. Shanu ma sai sun yi kwana uku suna tunkuyi."

Safiya ta uku Balaraba ba ta zo cin abinci ba. Rahama ta hango ta can sama, a matse bayan famfon ruwa, leɓenta na ƙasa ya yage, jelarta ta zama kamar bakin tsohon zane. Sabuwar ta fi ta ƙuruciya, ta riga ta karɓe duwatsun, tana sintiri a ƙasa tana jiran ta sauko.

Kawu ya tsaya da abincin a tsakanin yatsunsa. Ya ƙwanƙwasa gilashin a hankali, ya kira sunanta. Ba ta motsa ba.

"Kawu," in ji Rahama, idonta a kan tabarma. "Ba za su saba ba. Dukansu mata ne."

Ya juyo. Ta yi masa bayanin da murya ƙasa-ƙasa, ba a tsarin da ta shirya ba: yadda babba ke zama mace, yadda ƙarami ke sallamawa ya zauna namiji, kuma ita babbar ba ta kashe wanda ya sallama. Ta ce in aka bar su haka, Balaraba ba za ta kai jibi ba.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun kafin a kawo sabuwar."

"Ai na faɗa maka, Alhaji," in ji Tanti daga ƙofar kicin.

"Kin ce ƙarami. Ba ki ce me ya sa ba."

"Ni ma ba a ce min ba. Ka san 'yarka, magana kamar da cokali ake auna mata."

Kawu ya dubi Rahama. Ta ɗauka faɗa zai yi, ta ga kuma ta cancanta. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallon bayan famfon, sannan ya kakkaɓe abincin daga yatsunsa, ya naɗe hannun riga.

Rahama ta kawo ƙaramin bokiti mai murfi, ta ɗebi ruwan tankin ta cika shi rabi. Sabuwar ta ba Kawu wahala. Sau huɗu tana kuɓuce wa 'yar ragar kamun kifi tana shigewa ƙarƙashin dutse, rigarsa ta jiƙe har kafaɗa. Da ya kama ta ya sa a bokitin, ya rufe, ya huda murfin da wuƙa don iska.

"Ka sauya riga mana," in ji Tanti. "Ko shayin ka sha. Hamad bai ma buɗe shago ba yanzu."

Balaraba ta ɗan leƙo daga bayan famfon, ta koma. Kawu Isufu ya sa hularsa, ya zura takalmi, ya ɗauki bokitin da hannu biyu don kada ruwan ya girgiza. Ya tura ƙofa da gwiwar hannu ya fita.